Katangar Gabas a Ras Al Khor

Abin da Dubai ta fara yi mini shi ne ta rufe mini ido. Ina fitowa daga ƙofar filin jirgi, cikin watan Agustan 2018, tabarauna ya yi fari fat da tururi. Na tsaya cik da akwati a hannu, ba na ganin komai. Na cire shi na goge da bakin riga, na mayar, ya sake rufewa. A Ringim na tashi, na san zafi, amma namu busasshe ne, ya ƙona ka ya ƙyale ka. Wannan kuwa jiƙaƙƙe ne, kamar an tsoma bargo a ruwan zafi an lulluɓa maka. Na ɗaga kai ina neman hadarin da ya kawo wannan gumi, ban ga ko ƙyallin gajimare ba.

Karatun digiri na biyu ya kai ni, a fannin ilimin ƙasa da duwatsu. Tallafin da na samu na shekara biyu ne cif, babu ƙari, kuma izinin zamana a ƙasar yana ɗaure da shi. Ranar da ya ƙare, ranar zan tattara, ko da takarda ko babu.

Masauki wani dillali ne ya samo mini, Alhaji Ɗanlami, wanda aka haɗa mu tun ina gida. Ya turo mini hoton ɗaki mai taga tana kallon teku. Da na isa Al Sabkha, cikin tsohuwar unguwar kasuwanci ta Deira, sai na tarar da falo ɗaya an yayyanka shi da katako gida shida, nawa gadon na sama ne. Tagar tana nan kuwa. Hoton kalanda ne manne a bango, teku shuɗi da kwalekwale ɗaya. Na kira dillalin, na yi ta gaisuwa har na rasa ta inda zan fara. Da na faɗa, sai ya yi dariya ya ce, “Malam, ai Dubai duk bakin teku ce.” Na ce na gode, na kashe wayar. Haka nake tun ina yaro. Magana ta kan zo har maƙogwarona ta koma.

Na zauna da kalandar nan shekara biyu, har na saba da kwalekwalen.

Safiya a Deira ƙarar selotef ce. Tun kafin shaguna su gama buɗewa ake naɗe kwalaye da shi, kayan da za su tafi Kano, Yamai, Kumasi. Masu tura amalanke suna ihun a ba su hanya, warin turare da na kayan yaji da na ruwan gishiri suna cakuɗe a lungu ɗaya. Ina jin Hausa ta ko'ina, an haɗa ta da yalla da khalas na Larabci, amma ban cika tanka wa kowa ba. In na taso daga makaranta sai in shiga abra, ƙaramin jirgin katakon da ke tsallakar da mutane mashigin ruwan da ya raba garin biyu, in zauna da littafina. Sau da yawa ba wani abu zai kai ni ƙetaren ba. Ruwan nake son zama a kai.

Malamar da ke duba aikina Dakta Amal ce, 'yar Sudan, doguwa, mai ƙarancin murmushi. A makonmu na uku ta ɗauke mu, mu ɗalibanta, a mota zuwa bayan gari, ta tsaya a wani fili fari, shimfiɗaɗɗe har iyakar gani, babu ko ciyawa. Ta ce wannan shi ake kira sabkha, kuma rabin abin da muke gani na benaye a bakin tekun nan a kan irinsa yake tsaye. Na taka, ƙasar ta yi ƙaras a ƙarƙashin takalmina kamar ƙanzo. Ɓawon gishiri ne, kaurin tafin hannu. Ta miƙo mini shebur. Ban haƙa ya kai tsawon hannuna ba ruwa ya fara tsattsafowa, na ɗanɗana, ya fi na teku ɗaci. A cikin laka akwai wasu duwatsu masu sheƙi kamar fasasshen gilashi, da ƙananan ɓawon dodon koɗi. Ta ce ruwan nan shi ke hawa cikin siminti ya cinye rodi a hankali, shi ya sa magina ke tsoronsa.

Na tuna kanwar da Inna ke jiƙawa a ƙoƙo. Na tuna kuma cewa ni ɗan magini ne.

Tun daga ranar na daina ganin garin yadda yake. In ina cikin metro, jirgin ƙasan cikin gari, benaye na wucewa, sai in riƙa ganin abin da ke ƙasansu: farin yashi na bakin gaɓa, wanda ba komai ba ne illa niƙaƙƙen ɓawon halittun ruwa, dutse mai laushi a ƙarƙashinsa, wanda farce ke iya karta, can ciki kuma jan yashin hamada da ke fara bayyana in ka yi nisa da teku. Sai in ji kamar tekun bai tsaya a gaɓa ba, ya shige ƙarƙashin garin ya kwanta, yana numfashi, kuma gumin da ke rufe mini tabarau numfashinsa ne.

A kan wannan numfashin na gina aikina. Ina son in san abin da danshin iska da raɓa ke yi wa ɓawon gishirin cikin shekara guda. Na yanko gunduwa arba'in, kowace kamar bulo, na sa kowace cikin tiren roba mai zurfi. Sharaɗin shi ne su zauna a waje iska tana ratsa su, amma ruwan sama kada ya taɓa su, in riƙa auna nauyinsu duk mako har shekara ta zagayo. Makaranta ta ce rufin gininta cike yake da injinan sanyaya ɗaki, iskar can ba ta gari ba ce. Na yi wata guda ina neman wuri.

A bas na samu. Wani dattijo da ke kusa da ni, hannuwansa baƙi da tsohon mai, ya dubi hulata ya ce, “Wannan ta gado ce ko ta aro?” Na ce ta gado ce. Ya ce sunansa Iliya, mutumin Ɓilliri, yana gyaran giyar motoci a Ras Al Khor shekara goma sha ɗaya. Shi ya yi ta magana, ni ina ba da amsa ɗaiɗai, har ya tatso labarin tirena. Ya yi dariya har da buga gwiwa, wai an turo yaro daga Jigawa ya zo Dubai gadin gishiri. Kafin ya sauka ya ce akwai fili a bayan garejinsu, mai wurin ba zai hana ba. Daga ranar ya sa mini Farfesa, ni kuma ina ce masa Kawu.

Ras Al Khor unguwar ƙarfe ce. Injinan mota a jibge, rumbunan ajiya, Pakistanawa da 'yan Afghanistan da 'yan Afirka kowa da sifana a hannu. Amma a ƙetaren babban titi ruwan mashigin ya ƙare a wata fadama, kuma a cikinta akwai wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, launin hoda, tsaye da ƙafa ɗaya, benayen gari a bayansu kamar zane. Ban taɓa sabawa da ganinsu ba.

Rumfar tiren da hannuna na yi ta, da katakon kwalaye da kwanon rufi. Kuma na yi ta yadda Baba ya koya mini. Babana ya yi shekara arba'in yana gina soro da ɗakunan ƙasa, kuma abin da ya fara koya wa duk wanda ya ɗauki kwando a bayansa shi ne gabas. Daga gabas hadari ke tasowa. Katangar gabas ita ake kaurarawa, ita ake yi wa yaɓe biyu da makuba, ba a buɗe mata ƙofa, ba a jingina buhu a jikinta. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ilimi ba. Abu ne kamar cin abinci da dama. Na fito da waya na duba kamfas, na rufe gabas ruf da kwano har ƙasa, na toshe ramukan ƙusa, na bar yamma a buɗe don iskar teku ta shigo.

Kawu Iliya yana tsaye yana goge hannu da tsumma. Na ga ya buɗe baki, ya rufe. Na kuma lura cewa duk tamfol ɗin da ke garejin a gefen yamma aka rataya su. Na ce a raina saboda ranar la'asar ne. Na so in tambaya, sai na ji nauyi, kada ya ga kamar ina bincikar aikinsu.

Daga Maris na fara awo. Duk Asabar in ɗauki bas biyu, in fito da sikeli, in goge shi, in auna tire arba'in ɗaya bayan ɗaya, in rubuta. Lambar kowane tire na karta ta da ƙusa a gindinsa, don ban yarda da alƙalami a wannan rana ba. Bazara ta zo, garin ya koma cikin gilashi, titi ya zama na masu aikin dole. Gishirin yana shan danshi ya yi nauyi da safe, ya sauke da rana. Cikin Agusta kewar gida ta kama ni sosai. Wata la'asar Baba ya kira, sai ya ɗaga wayar sama. Ruwa ne ke dukan kwanon zaurenmu. Na zauna a kan tsohuwar taya ina saurare har katinsa ya ƙare.

Da zafi ya fara sauka sai hazon teku ya riƙa shigowa da asuba, fari, mai jiƙa gashi, benaye su rasa gindi su yi ta shawagi. Sanyi ya shigo. An yi yayyafi sau biyu ko uku, irin mai sauka a miƙe babu iska, rufina ya tare shi. Kawu ya ce wai jirage ke hawa su watsa gishiri cikin gajimare don ya zubar da ruwa. Na yi ta tunanin wannan a bas: gishiri a ƙasa, gishiri a sama, mu a tsakiya.

Saura mako bakwai awona ya cika, wata Juma'a cikin Janairun 2020, gari ya waye da duhu. Na tafi masallaci a Deira, na tarar ciki ya cika, muka yi sahu a titi kan kwalaye. Ana tayar da sallah iska ta taso, mai sanyi, mai ƙamshin da ban ji ba tun barina gida. Sai ruwa ya sauko. Ba yayyafi ba, ruwa na gaske, a karkace, yana dukan fuskokinmu. Na lumshe ido. Haka yake a Ringim in hadari ya riski sahun waje, ruwan a fuska yake samun mutum, ya bi gemu ya sauka a ƙirji. Na ji kamar in na yi sallama zan ga Baba a damana, da ƙasa a farcensa. Ban taɓa jin daɗin garin nan kamar a raka'ar nan ta farko ba.

A raka'a ta biyu na tuna inda nake kallo. A Dubai Makka tana yamma.

Ban san abin da liman ya karanta ba bayan nan. Ana sallama na miƙe, na bar takalmina ɗaya a cikin ruwa na dawo na ɗauka. Garin da ba a gina shi don ruwa ba, in ruwa ya zo ba ya da wurin zuwa. Titunan Al Sabkha sun zama rafi, kwalaye na yawo, 'yan kasuwa na jan kaya ciki, wasu samari kuma sun fito da waya suna ɗaukar hoto suna murna. Bas bai zo ba. Mai tasi na farko da ya ji Ras Al Khor ya girgiza kai ya ja gilashi. Na biyu, wani dattijo ɗan Kerala ta Indiya, ya dubi yadda nake rawar sanyi ya ce in shiga. Ya miƙo mini tawul ɗin da yake goge gilashi da shi. Mun yi fiye da awa a hanyar da ba ta wuce minti ashirin, har muka kai inda ruwa ya shanye ƙarƙashin wata gada, ya ce iyakarsa ke nan. Sauran na taka da ƙafa, ruwa har gwiwa, mai na yawo a kansa launi-launi. A ƙetaren titi tsuntsayen nan suna tsaye abinsu da ƙafa ɗaya.

Na riga na san abin da zan gani. Rumfata tana nan daram, katangar gabas a bushe, ko ɗigo babu a jikinta. Cikin rumfar kuwa wayam.

“Farfesa, shigo nan kafin ka narke kai ma.”

Kawu Iliya ne, a ƙofar garejin, cikin farar rigar da yake zuwa coci da ita, don a lokacin ran Juma'a suke ibada. Rigar ta manne a jikinsa. A bayansa, a kan dogon bencin da suke kwance giyar mota, ga tirena arba'in a jere. Na matsa. Guda tara na can ƙuryar rumfar ne kawai suka tsira da siffarsu. Sauran sun zama kunu: laka a ƙasa, ruwa mai launin toka a sama, nan da can ɗan guntun gishiri na leƙowa. Wata goma na Asabar.

Na zauna a ƙasa. Ban yi kuka ba, amma na kasa ɗaga kai. Kawu ya ce daga coci ya wuto don ya rufe injina, ya tarar ruwa ya riga ya shiga, shi da maƙwabcinsa suka kwashe. Sai ya ce tun ranar da nake kafa rumfar ya so ya gaya mini ruwan garin nan ta teku yake zuwa.

Na ce, “Me ya hana ka, Kawu?”

“Na gan ka da waya kana auna gabas da yamma. Na ce mai digiri ya san abin da yake yi, ni wa? Kai kuma ka ga tamfol ɗinmu, me ya hana ka tambaya?”

“Kunya.”

“To ga ta nan a tire, mun haɗu mun dama.”

Na miƙe na ɗauki tire ɗaya zan kai bakin ƙofa in tsiyaye ruwan, ko zan ceci abin da ya rage. Ya riƙe mini hannu. Ya ce tun da suka ɗauko ba su zubar da ko cokali ba, a hankali suka riƙa tafiya da kowanne kamar masu ɗauke da miya. A sana'arsu, in ka juye man giya ba ka zubarwa sai mai mota ya zo ya gani da idonsa, don abin da ya ci giyar yana cikin man.

“Gishirinka bai je ko'ina ba,” in ji shi. “Yana cikin ruwan.”

Na tsaya da tiren a hannu. Tirena masu zurfi ne, ba su cika sun tumbatsa ba. Na san nauyin kowace gunduwa ranar Asabar da ta wuce, har zuwa ɗigon ƙarshe na sikeli. Na juya idona ga gindin tiren, lambar da na karta da ƙusa tana nan. Na ajiye shi a hankali. Muka nemo leda muka rufe su ɗaya bayan ɗaya, shi yana ta tsokanata wai yau ga Farfesa ya zama mai sayar da koko.

Dakta Amal ba ta tausaya mini ba. Ta tambaye ni ko a wata goma ban taɓa buɗe bayanan iskar garin ba, alhali suna cikin ɗakin karatu. Gaskiya ne, ban buɗe ba. Na karanta duk abin da aka rubuta a kan ƙasar wurin, ban karanta shafi ɗaya a kan samansa ba, don ina ganin na san sama. Ta ce aikin shekara guda ya mutu, babu lokacin sakewa, kuma maganar da ta fara yi mini ta ci gaba zuwa digiri na uku a ajiye ta. Sannan ta jawo littafin awona, ta yi ta juya shafuka, ta daɗe. Ta ce mutane da yawa sun zuba wa sabkha ruwan famfo a ɗakin gwaji, amma ba ta san wanda ya taɓa samun ruwan sama na gaske a kan gunduwar da aka auna wata goma ba. In na iya ƙafar da ruwan kowane tire na auna gishirin da ya fita, akwai abin rubutawa. Ƙarami ne, amma zai tsaya da ƙafarsa.

Haka na yi. Makonni bakwai ɗin da suka rage na yi su a gaban tanda, ina ƙafar da ruwa kwano-kwano, ina kallon gishirin yana dawowa fari a gindin gilashi, ƙwaya-ƙwaya masu kusurwa huɗu. Aikin da na miƙa ya fi wanda na yi niyya sirantaka da rabi. An karɓa. Na kai wa Kawu Iliya kwafi, ya duba sunansa a shafin godiya, ya ce a ƙara masa da “injiniya”, sannan ya sa shi cikin leda ya ajiye a saman kabad, nesa da mai.

Baba ban gaya masa ba sai da komai ya lafa. Na ba shi labarin tun daga rumfar, na ce na yi ta yadda ya koya mini, yaɓe biyu ne kawai ban yi ba. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce shi in aka kira shi gini a garin da bai sani ba, kafin ya taɓa ƙasa sai ya zaga ya ga wane gefe ne tsofaffin katangu suka zaizaye. Ya ce laifinsa ne, gabas ya koya mini, bai koya mini zagayen ba.

Sai ya ce, “Ta ina ka ce ruwan ya zo?”

“Ta yamma, Baba.”

“Ku kuma can ina kuke kallo in za ku yi sallah?”

“Yamma.”

Ta cikin wayar ina jin kaji a tsakar gida.

“To ai ruwan bai saɓa ba, Nazifi,” ya ce. “Ta alƙibla ya zo, kamar kullum. Kai ne ka juya sallarka ka bar katangarka.”